Jar Lambar Motar Baba

Wanda bai san harkar mota ba zai ce lamba ai lamba ce. Ina! A ƙasar nan launin rubutun da ke jikin lambar motarka shi ke gabatar da kai tun kafin ka buɗe baki: shuɗi na mai motar kansa, kore na gwamnati, ja na 'yan haya. Motar mahaifina jar lamba gare ta. Sama da shekara talatin yana jigilar fasinja tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ya canja mota har sau uku, jan nan yana nan, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa rubuta masa takardar tara ba. Ba shi da takardar makaranta a bango, ba shi da sarauta, wannan ɗin ce abin alfaharinsa, kuma yakan faɗe ta ba tare da ɗaga murya ba, kamar mai faɗin ranar kasuwa. Ni na ɓata masa ita, ni ɗansa na fari, wanda ya sha boko har ya ƙoshi.

A lokacin ina aiki a wata ma'aikata, ina haya a unguwar Gesse, ina sa takalmi sau-ciki ina jin kaina. In aka tambaye ni sana'ar mahaifina a ofis, sai in ce yana harkar sufuri. Ba ƙarya na yi ba, amma Allah ya sani ba gaskiya nake so su ji ba. Su kuwa suka ɗauka manyan motocin ɗaukar kaya gare mu, har wani yana kirana ɗan mai motoci, ni kuma in yi murmushi in ce a bar maganar nan. Shekara huɗu ina wannan murmushin.

Sai aka sa ɗaurin auren 'yar shugaban ofishinmu a Argungu, ranar wata Asabar. Bakina da ba ya zama lafiya ya riga ya yi wa abokan aiki uku alkawarin zan ɗauke su. Ana saura kwana biyu injin 'yar motata ya buga, bakanike ya leƙa ya girgiza kai ya ce sai dai wani makon, in Allah ya kai mu. Da na zama mutum, da sai in ce musu mota ta lalace, mu je tasha mu hau ta haya kamar kowa. A'a, na ce kar su damu, zan ɗauko ɗaya daga cikin motocin gida. Ɗaya daga ciki, ka ji fa, alhali guda ɗaya ce tal, ita ke ci da gidan.

Ranar Juma'a da yamma na tafi Badariya, unguwar su Baba. Na durƙusa na gaida Baba, na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Shi ba ya kiran sunana, tunda ni ne ɗan fari. Tun tasowata "kai" nake, in ransa ya yi daɗi kuma "malam". Bai tambaye ni komai ba, ya ce in zo da safe in ɗauka. Asabar ranar aiki ce sosai a tasha, ya bar ta saboda ni. Da na zo da safe na tarar ya wanke motar da kansa, ya goge kujeru, ya shimfiɗa sabon tawul a gaban gilashi. Ya nuna mini jakar fatar da yake ajiye takardun mota a aljihun gaba, ya ce in bi a hankali wajen Ambursa saboda masu baburan kabu-kabu da ke fitowa daga fadama ba su duba hanya.

Dole in faɗi yadda Baba yake ɗaure lambarsa, don nan maganar take. Noti huɗu ne, biyu gaba biyu baya, tsofaffi, sun yi baƙi, tun na motarsa ta farko. In ya sayar da mota sai ya kwance su ya mai da kan sabuwa. Ƙarƙashin kowane noti yakan sa 'yar roba da yake yankowa daga tsohon tub na taya, don kar gargada ta sa lamba ta riƙa kaɗawa tana ƙara kamar gwangwani. Muna yara mun sha yi masa dariya a kan wannan. Direbobin tasha ma suna tsokanarsa, wai lambarsa ta fi amarya samun kulawa.

Na fito da motar, ban nufi wurin abokan aikina ba, na zagaya bayan gidajen Gesse inda ba kowa, na tsaya gindin wani dogon yaro. Na ɗauko sifana daga akwatin kayan aikinsa, na kwance lambar gaba, na kwance ta baya. Ta gaba na kife ta a gaban gilashi na ɗora jarida a kai, ta baya na tura ta bayan kujera na rufe da sallaya. Notin huɗu da robobinsu na zuba a aljihun babbar riga. Lissafina shi ne, motar da ke yawo ba lamba ko sabuwa ce ko ta manya, musamman ranar biki. Ka duba wauta: motar da ta girmi aurena, ƙofar baya sai an ɗaga ta kafin ta rufu, ita ce za a ɗauka sabuwa. Amma na ji sanyi a raina da jan nan ya ɓace, kuma wannan sanyin da na ji shi ya fi ba ni kunya yau.

Zuwa lafiya lau. Abokan tafiyata suka ce motar tsohuwa ce amma an riƙe ta da kyau, na ce ai ta aike ce, yaran gida ke hawa. A Argungu na ajiye ta tsakanin manyan motoci, na gyara hula, na shiga cikin jama'a ina miƙa hannu. Aka shafa fatiha, aka ci aka sha, na cika aljihu da goro da dabino. Kafin mu juyo na tsaya bakin kasuwa na saya wa Inna, mahaifiyata, bandar kifi, don in na je Argungu na dawo hannu biyu ba za ta bar ni in huta ba.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Muna dab da Ambursa, inda shinkafar rani ta yi kore shar dama da hagu, sai ga jami'an kula da hanya sun tsaya da motarsu a gefe. Ɗaya ya ɗaga hannu. Mutum ne mai shekaru, furfura ta leƙo ta gefen hularsa, ba shi da hayaniya. Sai da ya yi sallama ya gaishe mu sannan ya tambayi ina lamba. Nan na fara zuba Turanci, na zaro katin aiki, na ce daga ɗaurin auren gidan shugabanmu muke, muna sauri. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, sannan ya sake tambayar ina lamba.

Na ce faɗuwa ta yi na ajiye a ciki. Ya ce in nuna masa. Na ɗage jaridar nan, na juyo lambar, jan rubutun ya fito ɓaro-ɓaro a gaban mutum uku. Jami'in bai ko karɓa ba, kallo ɗaya ya yi mata fuskarsa ta canja. Ya ja baya ya dubi motar tun daga gaba har baya, ya dawo tagata da sauri yana tambayar ina mai motar, lafiya dai yake, ko wani abu ya same shi. Ashe ya san lambar a ka. Shekara da shekaru tana wuce shi safe da yamma, bai taɓa ganin wani a bayan sitiyarin ba sai tsohon. Na ce lafiyarsa ƙalau. Sai ya ce, "To kai mene ne naka da shi?"

Ina jin numfashin wanda ke kirana ɗan mai motoci a bayan wuyana. Na buɗe baki na ce, "Wani dattijo ne a unguwarmu, aro ya ba ni."

Wallahi ban shirya maganar ba, fitowa ta yi sumul kamar na daɗe ina bitarta, kuma wataƙila na daɗe ɗin. Jami'in ya tsaya yana kallon fuskata. Duk wanda ya san Baba in ya gan ni ba ya tambaya. Goshinsa ne, hancinsa ne, har wushiryar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zaro littafinsa ya fara rubutu. Yana rubutu yana cewa, a hankali, abin da ke ba shi haushi da masu aro ke nan, bawan Allah ya ba ka abin neman abincinsa ka wulaƙanta masa. Ya ce lamba ba ta faɗuwa biyu a rana ɗaya, balle lambar wannan tsohon. Ya rubuta laifin rashin ɗaura lamba inda doka ta ce, ya karɓi jakar takardun, ya ce in biya tara a banki in kawo motar ofishinsu da lamba a ɗaure kafin a sake su. Ya ƙara da cewa in gaida dattijon unguwar tamu.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Abokan tafiyar nan ko a jikinsu. Ɗaya ya yi dariya ya ce ashe motar haya muka hau, to direba nawa ne kuɗin mota, sauran suka tuntsire, ni ma na taya su. Kafin mu shiga gari sun koma gardamar wane ne ya fi cin nama a wurin biki. Abin da na sayar da ubana don in ɓoye, minti biyu suka yi da shi suka wuce.

Na sauke su ɗaya bayan ɗaya, na koma gindin dogon yaron nan don in mai da lamba. Na sa hannu a aljihu: goro, dabino, alawa. Na juye aljihun, na kakkaɓe rigar, na duba ƙarƙashin kujeru. Babu noti ko ɗaya. Suna can Argungu cikin ƙasa, inda nake ta ɗaga riga ina gaisawa da manya. Na zauna a bakin ƙofar mota gumi yana bin bayana. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai wani ɗan kudu mai sayar da kayan gyaran mota a kasuwa, ya zo Birnin Kebbi tun ban san hagu da dama ba, Hausar Kabi ta zauna a bakinsa fiye da nawa. Na same shi yana shirin rufe shago. Yana ganin motar ya tambayi Baba, yana ganin lamba a hannuna ya riƙe baki. Ya ce shekara ashirin yana roƙon tsohon nan ya sayi sababbin noti ya ƙi, yau wace rana ce. Na ce ya ba ni huɗu kawai, ba hira na zo ba. Ya kawo masu ƙyalli fari tas, na ce ba shi da tsofaffi, ya ce shi ba ɗan gwangwan ba ne. Yana miƙo mini ya ce ko na shafa musu toka Baba zai gani. Na ɗaura a gurguje a ƙofar shagon. Na hagu na gaba ya shiga a karkace, maimakon in kwance in sake, sai na danne shi da ƙarfi har na ji haƙoran ramin sun cinye. Ɗan kudun ya ji ƙarar, ya kau da kai.

Ana kiran magariba na isa Badariya. Baba ya fito da buta zai yi alwala. Al'adarsa ce in mota ta dawo ya zagaya ta sau ɗaya yana shafa ta da hannu, ko da shi ya tuƙa. Ya fara zagayen, ni kuma na bi shi ina zuba labarin biki da ƙarfi, wane ya zo, wane bai zo ba, kamar surutuna zai rufe masa ido. Ya wuce gaba, ya wuce baya, bai tsaya ba. Ya karɓi makulli ya ce sannu da hanya. Na shiga ciki na ba Inna kifinta, ta yi ta sa mini albarka, tana cewa Allah ya ba ni masu yi mini yadda nake yi musu. Na amsa amin da ƙyar.

Abin da nake tsoro biyu ne, kuma na san wanda ya fi. Na farko, ranar Litinin Baba zai hau hanya ba takardu, ya bi ta gaban jami'in nan. Na biyu, in suka haɗu zai ji abin da na kira shi. Lahadi ba ya fita da mota, ranar gonarsa ce, yakan hau kabu-kabu ya je fadama ya duba 'yar shinkafarsa. Litinin kuma layinsa a tasha ba ya zuwa sai hantsi. Na ƙudura cewa kafin hantsin Litinin in biya, in karɓo jakar, in san yadda zan mai da ita aljihun mota ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Wunin Lahadi a waya na yi shi. Akwai wani da muka yi makaranta tare, yana da hanya a irin waɗannan wurare, na ce ya taimaka a goge abin, a ba ni takardun ta bayan gida. Ya yi dariya har da tari, ya ce zamanin nan ya wuce, abin da ya shiga na'ura ya shiga, kuma da lambar mota ake shigarwa, sunan mai ita ne zai fito ba nawa ba. Ya ce in je in biya, in zauna a yi mini wa'azin hanya, in kai mota a gani. Na ce motar ce ba zan iya kaiwa ba. Ya ce to ta wa ce. Na ce ta wani dattijo ce. Sau biyu ke nan, kuma na biyun ko tilasta mini ba a yi ba. Matata ta kawo abinci ta tambayi me ke damuna, na hau ta da faɗa wai miya ta yi gishiri. Borin kunya ne, ita ma ta gane, ta ɗauke kwanonta ta ba ni wuri.

Litinin ni na fara tsayawa a ƙofar banki, kafin ma su buɗe. Na biya, na karɓi rasit, na hau kabu-kabu zuwa ofishin masu kula da hanya. Aka nuna mini benci a ƙarƙashin rumfa, na zauna da gugaggen yadina tsakanin 'yan kabu-kabu da direbobin da aka kama da lodi fiye da ƙima. Ban gama zama ba wani direban tasharsu Baba ya hango ni, ya ɗaga murya yana gaishe ni, ɗan Baba, ɗan Baba, me ya kawo ka nan. Na ce wata 'yar matsala ce. Ya juya yana gaya wa na kusa da shi cewa uban wannan da kake gani, tunda yake ba a taɓa rubuta shi ba. Na ji da ƙasa za ta tsage da na shige.

Aka yi mana wa'azi kusan awa guda, ban ji rabinsa ba, idona na kan agogo. Da aka gama na kai rasit wurin magatakarda, na rage murya na ce motar tana wurin aiki, ko za a yi mini alfarma a ba ni takardun, na rantse lamba tana ɗaure. Ya duba takardar, ya dube ni, ya ce wace alfarma kuma, ai ga motar can a waje tun ɗazu.

Na fito. Tana gindin bishiya a gefen fili. Baba yana tsugune a gabanta, ya shimfiɗa tsumma a ƙasa, ya jera sifana da reza da guntun tsohon tub. Ya kwance notin nan masu ƙyalli, yana yanka robobi yana huda su ɗaya bayan ɗaya. Hantsi ya yi, wato ya bar layinsa a tasha ya wuce. Daga baya Inna ta gaya mini yadda aka yi: tun zagayen nan na magariba ya gani, da na tafi ya buɗe aljihun mota ya tarar ba jaka. Bai ce mata komai ba sai cewa an taɓa lambar. Lahadi da zai je gona ya sa mai kabu-kabu ya tsaya wurin jami'an nan na Ambursa, ya ji komai daga bakin mutumin, har da abin da nake gudun ya ji.

A lokacin ban san wannan ba. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar kullum, ya tambayi iyali, ya tambayi kwanan yara, bai ɗago ba. Ya miƙo mini lambar ya ce in riƙe daidai. Na riƙe jar lambar nan da hannu biyu a tsakiyar fili, direbobi suna wucewa suna gaishe shi, shi kuma yana ɗaurewa a hankali, yana gwada kowane noti da yatsa kafin ya sa sifana. Da ya zo kan na hagu, wanda na cinye wa haƙora, ya juya ya juya bai kama ba. Ya tsaya ya dube shi, ya ɗauko 'yar waya daga aljihu ya zura ya murɗe ta ta baya.

Muna haka jami'in nan ya fito daga ofis da jakar fatar a hannunsa. Ya gaida Baba da girmamawa, ya dube ni a durƙushe, ya ce, "Baba, ga mai aron naka ya zo."

Baba yana murɗa waya, ya ce, "Awo, na gane shi. Ɗan unguwarmu na."

Ba da gatse ya faɗa ba, da na ji gatse da na samu sauƙi. Rufa mini asiri ya yi, ya ɗauki ƙaryata ya gyara mata zama don kar in kunyata a gaban baƙo. Mutumin da kunya ta hana shi kiran sunana tun haihuwata, amma bai taɓa musun ni nasa ba ne, yau ya yi don in fita. Jami'in ya dubi goshinsa ya dubi nawa. Ya miƙa masa jakar da hannu biyu, ya ba shi haƙuri cewa sunansa ya shiga littafi. Baba ya ce doka aikinta ta yi, ba a ba da haƙuri a kan gaskiya. Ya bi shi ciki ya sa hannu a inda aka nuna masa, tunda motar sunansa take ɗauke da shi. Ina tsaye a waje ina hango shi ta taga, ya sunkuya yana rubuta sunansa a hankali da ajami.

Ya fito ya tattara kayansa, ya naɗe tsumma, ya ce in shiga ya kai ni wurin aiki na makara. Na shiga gaba. Duk hanya ina haɗa maganar da zan faɗa. Bakin da ya yi sauri a Ambursa yau ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Na samu dai na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya ce ba komai, ya ci gaba da kallon hanya. Sai da muka wuce shataletale sannan ya yi magana, muryarsa kamar mai faɗin farashin mai.

"In za ka wurin mutane wata rana, ka hwaɗa min tun da sahe, in ɗebe maka lambar da kaina. Kai ba ka iya ba, haƙoran kake cinyewa."

Na so ya zage ni. Na so ya tsaya ya ce in sauka, ya tuna mini kuɗin makaranta da littattafai da duk abin da jar lambar nan ta ɗauko. Bai yi ba, kuma bai taɓa yi ba har yau. Idona ya cika, na juya ina kallon masu albasa a bakin hanya don kar ya gani.

Muna kusa da ma'aikatarmu, saura tafiya kaɗan a kai ƙofa, sai ya rage gudu ya gangara gefe, ya tsaya wurin wani mai faci inda katanga ta kare mu daga masu shiga ofis. Ban ce ya tsaya nan ba. Ina shirin cewa mu ƙarasa, sai abin ya faɗo mini. Ina aji biyu a sakandare, ranar da ya fara kai ni makaranta da motarsa, na ce ya sauke ni kafin ƙofa, wai ina so in sayi biro. Washegari ma na ce biro. Rana ta uku ban ce komai ba, shi ya tsaya da kansa. Tun daga ranar, makaranta ce, wurin jarrabawa ne, ofis ne, bai sake kai ni bakin ƙofar ko'ina ba, ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Duk wahalar da na sha kwana biyun nan don kar ya sani, ashe ya fi shekara ashirin da sani.

Na ce, "Baba, mu ƙarasa ƙofa."

Ya ce, "Nan ya yi, malam. Ka makara."

Na sauka. Na rufe ƙofar a hankali yadda yake so. Ya kunna sigina ko da yake ba kowa a bayansa, ya hau titi, ya nufi tasha ya kama layi daga ƙarshe.